'Yan gidan Neville: wace dawowar ce ta gaskiya, ta 1989 ko ta 2008?

Mai_Tsohon_Kaset
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina kwashe kayan marigayi yayana daga ɗakin da za mu gyara, sai na ci karo da kwalin kaset-kaset ɗinsa. A ciki akwai wani da ya rubuta wa suna da jan biro: Yellow Moon, Neville Brothers. Na ari rediyo mai cin kaset a maƙwabta na saka, wallahi ban tashi ba sai da na ji shi gaba da baya.

Ga wanda bai san su ba, wa da ƙanne ne su huɗu, ciki ɗaya, 'yan birnin New Orleans a kudancin Amurka. Art ne babba, shi ke kaɗa ogan. Charles na busa saksofon, Aaron shi ne mai muryar nan, sai ƙaraminsu Cyril mai ganguna. Ana cewa faifan nan na 1989 shi ne dawowarsu bayan an fara fid da rai da su. Ni kuwa a ganina dawowar da ta ci sunanta ita ce ta 2008, da suka sake hawa dandamali a garinsu bayan guguwar Katrina ta watsa su. Ta farko kasuwa suka dawo, ta biyu kuwa gida. Me kuka gani? Sannan kiɗan nasu blues ne ko R&B? Yayana dai blues yake ce masa.

Ummu_Hanan
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa ya huta. Ni Aaron kaɗai na sani a cikinsu, saboda waƙar da ya yi da Linda Ronstadt da aka riƙa sakawa a rediyo muna yara. Ashe yana da 'yan'uwa mawaƙa.

Malam_Jita
Allah Ya gafarta masa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ta fi sauƙi. Blues na asali yana da ƙira sananniya: baiti mai layi uku, a faɗi na farko, a maimaita shi, na uku ya ba da amsa, duka a kan gaɓa 12 da kod uku na jita ko fiyano. Idan ka auna Yellow Moon da wannan ma'auni, ba blues ba ne. Shi kuma sunan rhythm and blues, wato R&B, mujallar Billboard ce ta fara amfani da shi a jadawalinta a 1949, ta maye gurbin wani suna da ke jingina faya-fayan baƙar fata da launin jikinsu. Wato tun farko babbar rumfa ce, kowa na shiga. To a wannan rumfar suke, amma a kusurwar New Orleans, inda ganga ce shugaba, jita 'yar rakiya.

Dan_Tudun_Wada
Malam_Jita, a nan na saɓa maka kaɗan, ka yi haƙuri. Kana auna blues da ƙira, ni kuwa ina auna shi da inda mutum ya sha nono. Charles tun yana matashi ya bar gida ya bi tawagar masu blues yawon gari-gari a kudu, ya yi wa B.B. King da Bobby Bland busa. Wanda ya koyi sana'a a bayan waɗannan, ko me ya busa daga baya blues na cikin numfashinsa. Saurari yadda yake jan sauti ɗaya ya lanƙwasa shi kafin ya sake shi. Yayan mai tambaya bai yi kuskure ba.

Malam_Jita
Na karɓa ta wannan fuskar. Tushe blues, ganye wani abu dabam.

Zee_Damagaram
Ku dakata, ni ban gane maganar "dawowa" ta 1989 ba. Ina suka tafi da har za su dawo? Ni na ɗauka a shekarar suka fara.

Baba_Mai_Garmaho
A'a 'yata, a 1989 Art ya haura shekara 50. Zauna ki ji.

Art an haife shi a 1937. Yana ɗan makarantar sakandare, a 1954, ya rera Mardi Gras Mambo, wadda har gobe ba a bikin titi na shekara-shekara, Mardi Gras, a garin ba tare da an saka ta ba. Daga baya ya kafa ƙungiyar Meters, su ne suka riƙa yi wa mai shirya faya-fayai Allen Toussaint kiɗa a sutudiyo, har suka bi Rolling Stones rangadi a 1975 da 1976. Aaron kuwa ya saki Tell It Like It Is a 1966, ta kai ta biyu a babban jadawalin Amurka, ta ɗaya a na R&B. Ƙaramin kamfanin da ya buga ta ya durƙushe, shi bai ga wani abin kirki ba. Mutumin da ƙasa duka ke rera waƙarsa ya koma dako a tashar jiragen ruwa don ciyar da iyali. Charles an yanke masa shekara 5 a kurkukun Angola na jihar Louisiana a kan naɗi biyu na tabar wiwi, ya yi uku da rabi a ciki. Kurkukun nan tsohuwar gonar bayi ce, ki duba sunan ma kawai.

To kowa yana nasa fama, kowa da inda rayuwa ta jefa shi. Mahaifiyarsu ta rasu a 1975, ita da ta daɗe tana burin ganin 'ya'yanta a dandamali ɗaya. Sai kawunsu George Landry ya tara su a 1976 suka yi masa kiɗa a faifan ƙungiyarsa, Wild Tchoupitoulas. Daga nan ne suka ce to me zai hana, suka kafa tasu a 1977.

Abin da ya biyo baya shi ne yabo ba ciniki. Faifansu na 1981, Fiyo on the Bayou, manyan mawaƙa sun yaba, Keith Richards na Rolling Stones ma ya yi ta kai shi gaba, amma bai sayu ba. A 1987 suka yi Uptown, aka goge musu kiɗan tas don ya shiga rediyo, aka zare masa ƙanshin garinsu. Tsofaffin masoya suka ji haushi, sababbi ba su zo ba. An yi ba wan ba ƙanen. Shi ya sa da Yellow Moon ya fito aka kira shi dawowa.

Zee_Damagaram
Na gode Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Labarin Aaron ya taɓa ni.

Sutudiyo_Sabon_Gari
Ni aikina haɗa sauti ne, don haka ta nan zan shigo, kuma ina bayan 1989. Wanda ya shirya faifan, Daniel Lanois ɗan Kanada, ya riga ya yi suna da aikin U2 da Peter Gabriel. Bai kai su sutudiyon kamfani ba. Wani gini ya samu a titin St. Charles, ya shigar da na'urori, ya zaunar da su wuri ɗaya suna kallon juna suna kiɗa. Duk mai wannan sana'a ya san bambancin. Idan ka ɗauki kowa shi kaɗai a ɗan ɗaki da abin ji a kunne, za ka samu tsafta amma ka rasa rai. Idan suna tare, sautin gangar wannan na shiga makirufon wancan, kuma wannan "dattin" shi ne daɗin.

Mai_Tsohon_Kaset, sake saka kaset ɗin ka lura da yawan sarari. Ba a cika shi da kaya ba. Ganga na tafiya a hankali can ƙasa, saksofon ya leƙo ya koma, muryar Aaron na shawagi a sama ita kaɗai. A faifan ne suka samu lambar yabo ta Grammy ta farko a matsayin ƙungiya, kuma a kan wani kiɗa ne da ba waƙa a cikinsa, busar Charles ce ke jan shi. Bob Dylan ma a shekarar ya je New Orleans ya yi nasa faifan da Lanois. Saboda haka ban yarda a ce dawowa kasuwa ce kawai ba. Sun dawo kan sautinsu ne, kasuwa ta biyo su.

Mai_Tsohon_Kaset
Wannan magana ta shige ni. Na saka shi yanzu da belun kunne, gaskiya akwai sararin da kake faɗa. Amma har yanzu ban sauka daga 2008 ba.

Hajiya_Houston
Bari in ba ku abin da idona ya gani. Ina Houston lokacin da Katrina ta sauka ranar 29 ga Agusta 2005. Ba iskar ce ta cinye New Orleans ba, katangun tare ruwa ne suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. An kwaso dubban mutane a bas-bas zuwa filin wasa na Astrodome. Mun je kai kaya daga masallacinmu. Ba zan manta wata tsohuwa ba, tana zaune a bakin ƙaramin gado na naɗewa, ta rungume jakar leda, ba komai a ciki sai hotuna da ruwa ya manne su da juna. Tana ta ƙoƙarin ɓare su da farce a hankali, fuskokin na biyo yatsanta.

Daga baya wata daga cikinsu ta kama haya kusa da ni, muka shaƙu. Ita ta fara gaya min labarin 'yan Neville, kuma da fushi ta gaya min. Shekara da shekaru su ke rufe babban bikin kiɗa na garin, Jazz Fest, a Lahadin ƙarshe. A 2006 aka daure aka yi bikin, gari rabi kango, ba su zo ba. A 2007 ma haka. Ta ce kamar a yi rasuwa a gida ne manyan 'ya'ya su ƙi zuwa zaman makoki. Wasu har sun juya sunan nasu suna ce musu Never Brothers, wato waɗanda ba za su taɓa zuwa ba.

Dan_Tudun_Wada
Hajiya, fushinta na da dalili, amma an yi musu rashin adalci. Gidan Aaron ruwa ya cinye shi. Yana da asma, gari kuwa cike da ƙura da fumfuna. Ya koma wajen Nashville, kuma duk wannan lokaci matarsa Joel na fama da ciwon daji, matar da ya aura tun 1959. Ta rasu a Janairun 2007, ya kawo ta gida New Orleans aka binne. A ce mutumin da ke cikin wannan hali ya hau dandamali ya sa gari rawa? Haba.

Yerwa_Boy
Ni ban san waɗannan mawaƙan ba sai yau, amma maganar fumfuna ta sa dole in yi magana. Da dam ɗin Alau ya fashe a Satumbar 2024, gidanmu a Maiduguri ya sha ruwa har saman taga. Bayan ruwan ya janye muka koma, warin da ya tare mu a ƙofa har yau in na tuna sai cikina ya juya. Bango ya yi baƙi, katifa ta zama taɓo. Mahaifiyata mai ciwon ƙirji ce, wata huɗu ta yi a gidan ƙanwarta, duk ranar da ta gwada kwana a ɗakinta sai tari ya sarƙe ta. Akwai maƙwabtan da suka riƙa cewa ta guje su. Wanda bai kwana a irin ɗakin nan ba kada ya yanke wa kowa hukunci.

Ummu_Hanan
Allah sarki. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya ba Mama lafiya.

Gaskiya_Ɗaci
Ku yi haƙuri, ni ina tare da matar Houston. Uzurin Aaron karɓaɓɓe ne, ba musu. To Cyril fa? Ya koma Austin a jihar Texas, ya riƙa fitowa yana sukar garin a bainar jama'a, alhali talakawa na can suna kwashe taɓo da shebur. Wanda ya ci sunan gari ya yi arziki da shi, ranar wuya ake son ganinsa.

Malam_Jita
Ɗan'uwa, mu duba me ya faɗa tukuna. Kukan Cyril shi ne ana sake gina birnin ta yadda talakan baƙar fata ba zai samu wurin komawa ba, kuma mawaƙan garin dama can ana cin guminsu. A Disambar 2007 majalisar birnin ta amince a rushe manyan rukunan gidajen gwamnati guda huɗu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Calliope, inda su 'yan Neville suka yi wani ɓangare na ƙuruciyarsu. Ƙidayar 2000 ta samu mutum kusan 484,000 a birnin, ta 2010 kusan 344,000. Waɗanda suka ɓace daga lissafin nan mafi yawansu baƙaƙe ne. Harshensa na da kaifi, na yarda, amma ba ƙarya ya yi ba. Kuma kada a manta Art ya koma unguwarsu, titin Valence, inda danginsu suka daɗe.

Gaskiya_Ɗaci
Na ji alƙaluman. Amma gaskiya ma tana da lokacin faɗa da wurin faɗa. Da a cikin gari ya tsaya ya faɗe ta, da ta fi nauyi.

Dan_Zongo_Kumasi
Ku bar ni in karkata kaɗan zuwa kiɗan, don ni shi ya kawo ni. Na nemi faifan kawun nasu na 1976 na saurara, sai na ji kamar ina gida. Jagora ya jefa magana, 'yan amshi su cafe, ya sake jefawa, su sake cafewa, ƙananan bandirai masu kacau-kacau na bin su. Wane ne wannan kawun?

Baba_Mai_Garmaho
Ana ce masa Big Chief Jolly. A New Orleans akwai ƙungiyoyin baƙaƙen unguwa da ake kira Mardi Gras Indians. Kowane namiji a cikinsu shekara guda yake yi yana ɗinka rigarsa da hannunsa, dutsen ado ɗaya bayan ɗaya, ga gashin tsuntsu tuli masu launi, don girmama 'yan asalin ƙasar da ake cewa sun ɓoye bayin da suka gudo. Ranar biki su fito titi, ƙungiya ta haɗu da ƙungiya, a yi gasar wa ya fi ado da waƙa. Wata shekara kuma sabuwar riga. Shi Jolly shugaban ƙungiyar unguwarsu ne, ya rasu a 1980.

Abin da kunnenka ya ji kuwa yana da tarihi. Akwai wani fili a birnin, Congo Square, inda aka bar bayi suna taruwa ranar Lahadi su yi kasuwa, su buga ganga, su yi rawa, a zamanin da aka hana ganga a wurare da yawa na Amurka. Ƙara da mutum kusan 10,000 da suka kwararo a 1809, 'yan gudun hijirar Haiti da suka biyo ta Kuba. Shi ya sa gangar garin ba ta tafiya irin ta Chicago ko Memphis.

Sutudiyo_Sabon_Gari
Dan_Zongo, gwada wannan. Ƙirga ɗaya zuwa takwas da sauri, ka yi tafi a kan ɗaya, huɗu da bakwai, ka yi ta maimaitawa. Uku, uku, biyu ke nan. Wannan ɗingishin shi ne ƙashin bayan kiɗan New Orleans, tun daga fiyanon Professor Longhair har gangunan Cyril. Shi ake takawa a abin da suke kira second line, wato jama'ar da ke bin bayan masu busa a titi da laima da hankici, ko a biki ko a dawowa daga maƙabarta.

Dan_Zongo_Kumasi
Na gwada a kan tebur, yarana har sun kama. Wannan ai ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Zee_Damagaram
To kenan gado suka yi, kamar gidan makaɗa a wajenmu, ɗa ya tashi yana amshi a bayan ubansa?

Malam_Jita
Kusa, amma ba daidai ba. Mahaifinsu ba makaɗi ba ne, ya yi aikin jirgin ƙasa da na ruwa da tuƙin tasi. Ta ɗakin uwa abin ya zo, don ita da ɗan'uwanta Jolly sun yi rawa tare a ƙuruciya. Sai daga kansu ne ya zama gado sosai: Ivan ɗan Aaron da Ian ɗan Art suna ƙungiya ɗaya, Dumpstaphunk, Charmaine 'yar Charles ma mawaƙiya ce. A faifansu na ƙarshe na sutudiyo, 2004, 'ya'yan sun sa hannu.

Ummu_Hanan
Ni dai har yanzu muryar Aaron ce ke ba ni mamaki. Na ga hotonsa, ƙato ne mai damatsa kamar ɗan dambe, ga zane a kumatu, amma in ya buɗe baki sai ka ji siririyar murya tana rawa kamar ruwa a faranti.

Dan_Tudun_Wada
Ya sha faɗa cewa yana yaro yana kwaikwayon mawaƙan finafinan kaboyi ne, irin su Gene Autry, masu karya murya daga ƙirji zuwa maƙoshi. Ya haɗa da salon Nat King Cole da Sam Cooke da waƙoƙin cocin Katolika da ya tashi a ciki. Ni abin da ya fi burge ni shi ne in su huɗun suka haɗa murya. Art ƙasa-ƙasa, Cyril da kaushi, Aaron a sama. Muryar 'yan ciki ɗaya tana narkewa da juna ta yadda ta baƙi ba ta yi, ko shekara nawa suka yi suna gwaji.

Mai_Tsohon_Kaset
Jama'a mun yi nisa, bari in dawo da mu. Hajiya_Houston, maƙwabciyar taki ta je a 2008?

Hajiya_Houston
Ta je. Ta ce ba don su za ta ba, kabarin mijinta za ta duba. Amma ranar Lahadin ƙarshe, 4 ga Mayu, sai ga ta a filin. Ta ce da suka fito su huɗu ba ta tafa ba, hannunta a harɗe. Sai can ƙarshe da aka yi shiru Aaron ya ɗauko waƙar cocin da ya saba rufewa da ita, ta ce ta waiga ta ga ƙarti suna share hawaye da hula, ita ma ba ta san lokacin da ta fara ba. Na tambaye ta ko ta yafe musu. Ta ce ta yafe wa Aaron. Har yau tana Houston, gidanta na can fili ne ciyawa ta rufe.

Sutudiyo_Sabon_Gari
Labarin ya sosa min rai. Amma a duba, bayan 2008 ba su sake yin sabon faifan sutudiyo tare ba. Daga 2013 wani mai busa ɗan garin, Trombone Shorty, shi ne ya karɓi rufe bikin, a 2015 aka yi musu taron bankwana a gidan wasa na Saenger. Dawowar da ta haifi sabon kiɗa ita ce ta 1989.

Gaskiya_Ɗaci
Ni kuma ina ganin ta 2008 biyan bashi ce, kuma an biya a makare.

Baba_Mai_Garmaho
In ana lissafin dawowa, ni ta 1976 zan sa a gaba, ranar da kawu ya tara 'ya'yan 'yar'uwarsa bayan sun binne ta. Ba don ita ba da babu sauran biyun. Charles ya rasu a Afrilun 2018, Art a Yulin 2019, Aaron ya daina rangadi a 2021. Cyril ne ya rage a hanya.

Yerwa_Boy
Baba, da wanne zan fara? Data ɗina kaɗan ne.

Baba_Mai_Garmaho
Fara da wanda suka ɗauka kai tsaye a gidan rawa na Tipitina's a farkon shekarun 1980, Neville-ization. A gaban mutanen unguwarsu suke, a nan za ka ji su yadda suke. Sannan ka je na kawun.

Mai_Tsohon_Kaset
Na gode muku duka. Sutudiyo_Sabon_Gari, zaren kaset ɗin ya fara ja a gefe na biyu, ina tsoron rediyon ya tauna shi. Na san akwai waƙoƙin a intanet, amma wannan kwafin nake so, don a farkonsa akwai inda yayana ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, ana jin muryarsa yana kiran wani a kawo masa ruwa. In na kawo maka ranar Asabar za ka iya juye min shi a waya?

Sutudiyo_Sabon_Gari
Kawo shi bayan la'asar. Kada ka sake saka shi a rediyon nan kafin lokacin, kuma ka ajiye shi inda rana ba ta dukansa.